Famfon Gidan Mai Aski

Duk layin an san ba don iya aski ake cika shagon Mai Aski ba. Askin nasa ga shi nan dai, ba yabo ba fallasa. Wani lokaci ma sai ka je gida ka duba madubi ka ga gefe guda ya fi gefe guda tudu. Bakinsa ake bi. In ya ɗaura maka ƙyalle a wuya ya kunna kilifa, to ka riƙe cikinka, don ba za ka sauka daga kujerar nan ba sai haƙarƙarinka ya yi ciwo. Ya ba da labarin direbobi har ya ƙare, ya ba da na masu gidan haya, ya ba da na surukai. Da rijiyar waje ta fara ƙafewa, sai ya waiwaya ya ga ashe akwai wata a cikin gidansa.

Autansa ɗan shekara goma sha biyar ne, siriri, mai son ƙwallo da lissafi. In an tashi daga makaranta yakan biyo ta shago ya share gashi, ya wanke burushi, ya goge madubi. Makon da ya wuce ya yi wani zazzaɓi mai zafi, ya kwana yana rawar ɗari, da gari ya waye ya ga katifarsa a jiƙe. Mamarsa ta fitar da ita ta shanya a bayan ɗaki, ta ce ba komai, ciwo ne, babba ma yana yi. Auta ya ɗauka magana ta mutu a nan.

Ran nan da yamma benci ya cika. Ga Direba a kan kujera an yi masa rabin kai, ga Tela yana jiran layi, ga kuma yara biyu 'yan ajin su Auta, ɗayansu Dogo, monitan aji. Tela yana ta mitar rashin ruwa a layin.

Mai Aski ya ɗaga kilifa sama ya ce, "Ku ne dai ke kukan ruwa. Ni gidana famfo ya zo."

Tela ya ce, "Haba dai! Yaushe aka ja maka?"

"Ba ja aka yi ba, haifa na yi. Ga shi can yana shara." Ya nuna Auta da kan kilifa. "Sai dai da dare yake kawowa, kuma kan katifa yake zuba. Wallahi da na shiga ɗakin na ɗauka rufi ne ya tsage. Na ɗaga kai, kwano lafiya lau. Na ce to, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo!"

Shago ya ɗauka. Direba ya yi dariya har sai da aka kashe kilifa don kada a yanke shi. Auta yana tsaye da tsintsiya, kunnuwansa sun yi zafi, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya yi murmushi, don bai san me kuma zai yi da fuskarsa ba. Ta cikin madubi ya ga Dogo yana zungurin abokinsa da gwiwar hannu.

Washegari tun kafin a shiga aji sunan ya riga shi isa.

"Famfo ya iso! Ku ɗauke littattafanku daga ƙasa!"

Da farko ya ce kwana biyu ne su gaji. Ina! Yara ba sa gajiya da abin da ba su saya ba. In malami ya kira shi ya tashi ba da amsa, sai bayan aji ya ɗauki "shhhhh" kamar ana tara ruwa a bokiti. Wata rana ya dawo daga hutun ƙarfe tara ya zauna, sai ya ji sanyi ya ratsa wandonsa. Sun zuba ruwa a kujerarsa. Ya wuni a zaune har aka tashi, bai ko motsa ba. 'Yan matan da ke layin gabansa suka ja bencinsu gaba suna toshe hanci, alhali ba abin da ke wari. Malamin aji ya ce, "Kai, ku bari mana," amma yana faɗa yana danne dariya, kuma duk ajin sun gani.

A shago kuwa labarin sai ƙara ƙiba yake. Katifa ɗaya ta zama biyu. Aka ƙara da cewa har kyanwar gidan sai da ta yi iyo. Wanda ya ji jiya yakan kawo abokinsa yau ya ce, "Don Allah ba shi na famfon nan."

Abu guda Auta yake so a duniya, uban ya daina. Ya daɗe yana juya maganar a ransa kafin ya samu ƙarfin faɗa. Ya same shi a tsakar gida yana cin abinci, ya durƙusa gefe.

"Baba, don Allah ina da magana."

"Ina jin ka, Auta."

"Labarin nan da kake bayarwa a shago. Don Allah ka daina. A makaranta ba sa kirana da sunana yanzu."

Mai Aski ya tsaya da loma a hannu, da gaske bai gane ba. Can ya ce, "Au! Wai na katifa? Kai, amma yaron nan da abin dariya kake. Wasa ne fa. In ban yi wasa da ɗana ba, da ɗan wa zan yi?"

"Suna zuba min ruwa a kujera, Baba."

"To kai ba ka da hannu? Namiji ne kai ko me? Wanda ya zuba maka kofi ka zuba masa bokiti. Ni abin da ubana ya yi min a gaban mutane, da kai ne da ka bar garin. Ga ni nan, me ya same ni?" Ya kai lomar baki, ya ci gaba yana tauna. "Kuma bari ka ji, da bakin nan nawa kuke ci kuke sha. Kana tsammani don kyan kujerata suke zuwa?"

Idon Auta ya kawo ruwa. Uban ya nuna shi da yatsa.

"A'a! Kada ka soma. Ƙasa ta yi yoyo, sama ma ta yi? Share min idon nan."

Mama tana gefe tana tsefe wa wata yarinya kai, don ita kitso take yi a gida. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ka cika ɗaukar abu da zafi, Auta. Ubanka ne. Wanda ba a so ai ba a tsokanarsa."

Ita ma ta san kan sana'arta. Mace in ta zauna a gabanka ta ba ka kanta na tsawon wuni, dole ka samo abin da za ka riƙe ta da shi, kuma Mama ta samu nata tuntuni: Yayar Auta. Yarinya ce mai jiki, ta girme shi da shekara biyu. Ranar da zik ɗin rigar makarantarta ya ɓalle, kafin magariba duk matan da suka zo kitso sun ji, da yadda ya yi ƙara, da yadda Tela ya ce sai an ƙaro yadi. Mama ce ta fara ce mata Randa, da so da wasa. 'Ya'yan masu kitson suka kai sunan makarantar 'yan mata, ya zauna daram.

Bambancin kawai, ita Yaya an yarda ta yi kuka. Takan shige kicin ta yi mai isarta, Mama ta leƙa ta ce, "Yi abinki, mace ai da hawaye aka san ta. Amma ki rage cin nan, ki ga in ba su daina ba." Yaya ta ɗauki shawara. Takan juya cokali a kwano har kowa ya tashi, sannan ta juye wa yaran maƙwabta. Da wuyanta ya fara fitowa Mama ta yi ta murna tana nuna wa masu kitso, wai yarinya ta san ciwon kanta.

Ranar da Auta ya roƙi uban, Yaya ta same shi a bayan ɗaki ya haɗa kai da gwiwa. Ta zauna kusa da shi.

"Kai gara kai," in ji ta. "Naka sau ɗaya ya faru, wata rana za su manta. Ni da nawa nake yawo duk inda na shiga."

Ya ce, "Ke ai an bar ki ki yi kuka, Yaya."

Suna nan zaune aka ƙwala mata kira ta zo ta riƙe wa Mama kibiya.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Abin da ciwo ya kawo sau ɗaya, sai ya dawo ba tare da ciwo ba. Auta ya kwanta da tsoron kada ya yi, ya yi mafarkin ajin yana "shhhhh", ya farka a jiƙe. Ya wanke zanin gadon a ɓoye ya shanya, amma uwa ba a ɓoye mata shanya. Mama ta gaya wa mijinta cikin sirri, don a nemi magani. Kafin azahar sirrin yana shago, da sabon kai da sabuwar jela.

Daga nan Auta ya yi lissafinsa irin na mai son lissafi: abin da bai shiga ba, ba zai fita ba. Ya daina shan ruwa daga la'asar. Bai isa ba, ya mayar daga tsakar rana. Daga baya sai dai ya kurkure baki ya zubar. Shayin safe ma ya ce ya daina so. Leɓensa ya tsattsage, kansa ya riƙa sara kamar ana buga ƙusa, in ya shiga bayi ɗan abin da zai fito ja ne, da zafi. Barci kuma ya zama abokin gaba, sai ya jingina da bango ya kwana yana gyangyaɗi. A aji sai ya kifa kai. Lissafin da ya fi kowa iyawa, ya koma yana kallon allo kamar baƙon rubutu. Ƙwallo ya bari, don mai gudu dole ya nemi ruwa. Magana ma ya rage ta, tunda duk abin da ya faɗa yana iya zama labari. Wani lokaci yana cikin shara sai ya ji ina ma a ce ba a haife shi ba, kuma tunanin bai ba shi tsoro ba.

Mutane kuwa suka yaba ƙwarai.

"Kai, yaron nan naka ya yi hankali," in ji Tela. "Da can kamar tsuntsu, yanzu ko tarinsa ba ka ji."

Mai Aski ya ce, "Tarbiyya ce. Namiji in ya fara girma haka yake, sai ya yi nauyi."

Wata rana da zafi ya tsananta, malami ya kira Auta gaban allo. Ya tashi, bayan aji ya fara "shhhhh", ya ɗauki alli, sai allon ya yi baƙi gaba ɗaya har da bangon. Bai san faɗuwarsa ba.

A asibiti ya farka, da robar ƙarin ruwa a hannu, da wata robar kuma a ƙasa da aka sa masa don fitsari, tana zuba a wata leda da ke rataye a jikin gado. Ya ga ledar, ya juya fuska bango. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta sallami kowa waje, ta jawo kujera.

"Jikinka ya bushe, har ƙodarka ta fara jin jiki. Gidanku ba ruwa ne?"

"Akwai."

"To me ya hana ka sha?"

Ba wanda ya taɓa tambayarsa. Ya buɗe baki zai ce ba komai, sai maganar ta ɓalle gaba ɗaya, da katifar, da shagon, da kujerar makaranta. Ya yi kuka, amma ko hawayen kirki babu a jikin.

Da aka shigo da iyayen, Mai Aski idonsa ya yi ja. Kada a ɗauki alhakinsa, yana son ɗansa. Da aka kira shi a waya ya bar mutum da rabin aski ya fito da gudu, takalmi ƙafa ɗaya. Likita ta ce masa, "Ruwan jiki za mu mayar masa. Amma yaron nan yana cikin damuwa mai tsanani, ita ta kai shi nan. Akwai likitan da ke duba irin wannan, ina so ku kai shi. Kuma tsokanar nan, daga gida har makaranta, a daina."

"Damuwa?" in ji Mai Aski. "Likita, yaron da ba ya ciyar da kowa, ba ya biyan haya, damuwar me? Ɗana ba mahaukaci ba ne da za a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, a ja masa abin faɗa a gari."

Mama ta ce, "Ni dai na san baki ne. Yaro yana ta ƙoƙari a makaranta, ai dole a sa masa ido."

"'Yan iskan yaran makarantar nan ne," in ji Mai Aski. "Za su san ɗan wa suka taɓa."

Likita ta dube shi ta ce, "Ban ce makaranta kaɗai ba."

Da ta fita Mai Aski ya zauna a bakin gado, ya kama hannun Auta. "Auta, dube ni. Daga yau labarin katifa ya mutu. Wallahi tallahi ba za ka ƙara jin sa a bakina ba. Ka ji na rantse."

Auta ya dube shi. Abin da yake nema kenan tun farko, ga shi an ba shi. Yaya ta miƙo masa kofi, ya karɓa ya shanye tas, ya ce a ƙaro.

Da aka sallame shi, Mai Aski ya sa rigarsa ta fita unguwa, ya tasa shi gaba har ofishin shugaban makaranta. Ya buga tebur, ya yi faɗa mai kyau, irin wanda duk uba nagari zai yi. Ya ce an kusa kashe masa ɗa, ya ce iyaye ba sa tarbiyya a zamanin nan, ya ce a fito masa da shugaban 'yan iskan. Aka kira Dogo, ya shigo.

Shugaban makaranta ya ce, "Kai ne ka sa wa ɗan'uwanka wannan mummunan suna?"

"Ba ni na sa ba, Malam."

"To uban wa ya sa?"

Dogo ya saci kallon Mai Aski, ya sunkuyar da kai. "A shago na ji. Shi Baba ne ya faɗa, ranar da na je aski."

Auta ya ɗago ya dubi ubansa. Ya ga maganar ta shige shi, ya ga bakinsa ya motsa. Da a nan Mai Aski ya ce "haka ne", da wani labarin ake ba ku yanzu. Amma laifi tudu ne.

"Ji min ɗan banzan yaro! Ni ɗana ne, ni na haife shi, in na ga dama in kira shi abin da ya fi haka. Kai na aike ka ka kawo makaranta? Abin da babba ya faɗa a wurin sana'arsa, shi ne za ka ɗauka kana yawo da shi?"

Shugaban makaranta ya gyara tabarau ya ce ai yara ne, a yi haƙuri, za a ja musu kunne.

"Riƙe jan kunnenka," in ji Mai Aski. "Makarantar da ba ta iya kare yaro ba, ɗana ya bar ta. Ina da sana'a, a gabana zai zauna inda idona ke kansa. In ga wanda zai ƙara taɓa min shi."

A hanya duk wanda suka gamu da shi sai ya tsaya ya ba shi labarin yadda ya wanke shugaban makaranta tas. Kowa ya ce ya yi daidai, uba kenan. Ba wanda ya tambayi Auta ko yana son barin lissafinsa. Wurin likitan damuwa kuwa, aka ce sai an samu sarari.

Haka aka ceci Auta daga masu tsokana. Yanzu daga buɗe shago har rufewa yana nan, an ba shi tsohuwar kilifa yana koyo a kan ƙananan yara. Kuma a faɗi gaskiya, Mai Aski ya riƙe rantsuwarsa. Aka kwana biyu ba a ji katifa ba, ba a ji famfo ba. Sai dai shagon ya yi sanyi. Mutane su zauna, a yi musu aski, su biya su tafi, kamar a kowane shago. Wasu ma suka fara leƙa na tsallaken titi.

Ran nan benci ya ɗan cika. Direba yana kan kujera, ya dubi Auta ta madubi ya ce, "Yaya jikin mutumin? An ce har kwanciya ya yi."

"Da sauƙi," in ji Mai Aski. Ya ci gaba da aski. Ya dubi benci, benci na dubansa. Ya kashe kilifa, ya busa mata iska, ya kunna. Leɓensa ya yi ta motsi shi kaɗai.

"Ai ba ku ga abin da na gani ba a asibitin nan," ya ce. "Ni ina cewa famfona ya lalace. Ina shiga sai na tarar likitoci sun fi ni dabara, har tiyo suka ja masa, suka sa masa tanki a gindin gado!"

Shago ya fashe. Tela ya zame daga benci yana dukan cinya. Direba yana tari yana cewa, "Ka dawo, wallahi ka dawo!"

Auta yana tsaye da burushi a hannu. Wannan karon bai yi murmushi ba. Ya dubi ubansa ta madubi, ya ƙi ɗauke ido.

"Mene ne?" in ji Mai Aski. "Na ambaci katifa? Jama'a ku ne shaida, na ce katifa?"

"Ba ka ce ba!"

"To ka ji. Ni ba na karya rantsuwa."

Ana cikin haka Yaya ta yi sallama da kwanon abincin rana da gorar ruwa. Rigarta ta yi mata yawa, ta tsaya a bakin ƙofa tana haki don ɗan tattakin da ta yi. Tela ya ce kai, 'yan mata an zama 'yan gayu. Mai Aski ya nuna ta, ya nuna Auta, fuskarsa cike da alfahari.

"Ni kam Allah ya hutar da ni cefane. Ɗaya ba ta ci, ɗaya ba ya sha. Ku nuna min mai 'ya'ya masu tausayin uba irin nawa!"

Aka sake kwashewa, har na waje suna leƙowa su ji me aka ce. Da za ka tsayar da kowane ɗaya daga cikinsu ka tambaye shi, zai rantse maka bai taɓa cutar da yaro ba, kuma ya tsani masu yi. Yaya ta ajiye kwanon, ta miƙa wa Auta gorar ba tare da ta dube shi ba, ta juya.

"Allah ya raya maka su," in ji Tela yana share hawaye. "Yara masu haƙuri."

"Amin," in ji Mai Aski. "Na gaba ya hau."

Auta ya tura gorar ƙarƙashin benci, ya ɗauki tsintsiya. Tana nan har aka rufe shago, ko murfinta ba a buɗe ba.